Gwiwar Kakata da Masu Haɗin Gwiwa

In kakata za ta tashi daga zaune, duk gidanmu sai ya sani. Gwiwar dama ce ke fara magana, ƙaras, ta hagu ta amsa mata, ƙurus, sannan ita mai gwiwoyin ta rufe da "wash, Allah na." Akuyarmu har ta haddace. Da ta ji ƙaras ɗin farko take miƙewa, don ta san dusa na tafe. Na taɓa gaya wa abokaina cewa ladanin unguwarmu ba shi da agogo, da gwiwar kakata yake gane asuba ta yi. Har yau akwai waɗanda suka yarda.

Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, kanal ya bi ta bayansa da ruwa rani da damina. A cikin ruwan nan kakata ta ƙarar da ƙafafunta. Tun da kakanmu ya rasu ita ta riƙe gonar shinkafa, tana dashe a tsugune cikin taɓo daga hantsi har rana ta karkata, sai da Baba ya girma ya karɓe ta. Lokacin da nake ba da labari ina aji uku a ƙaramar sakandare, kuma ni ne mijinta. Haka take kirana, maigida, wani lokaci kuma mijin banza, ya danganta da ko na kawo mata goro. Ni kuma ina ce mata amarya, ina yi mata barazanar saki kusan kullum.

Ciwon ba shi ne ya fi damunta ba. Salla ce ta tsaya mata a rai. Ta daɗe ba ta iya durƙusawa, sai a kan wata kujera da Baba ya sa kafinta ya yi mata take salla, ta ɗan sunkuya a ruku'u, ta ƙara sunkuyawa a sujada. Liman ya gaya mata ya halatta. Baba ya gaya mata. Ni ma na kawo mata hujja daga darasin addini na makaranta, har da ɗaga murya irin ta masu wa'azi.

Ta ce, "Na san ya halatta, ba jahila kuka samu ba. Ni dai ina so in kai goshina ƙasa kamar kowa, ko sau ɗaya ne, kafin a kai ni gaba ɗaya."

Ana cikin ɗibar tumatir, wata rana da yamma, mai shelar garinmu ya zagayo a kan kekensa da lasifikarsa mai shaƙewa. Ya ce mai gari yana gaishe da kowa. Ya ce gobe da safe baƙi za su zo daga jami'a tare da mutanen wani kamfanin magani, aiki ne na haɗin gwiwa, ana son tsofaffi maza da mata su hallara a firamare.

Kakata ta ajiye tsinken sakace.

"Maigida, ka ji abin da na ji?"

"Na ji. Baƙi za su zo."

"Magani. Tsofaffi. Haɗin gwiwa." Ta ɗaga hannu sama. "Alhamdulillahi. Allah ba ya barci."

Na ce, "Amarya, haɗin gwiwar nan fa ba ta ƙafa ba ce. Irin ta rediyo ce, in an ce gwamnati ta haɗa gwiwa da wasu."

"Yo gwamnati ƙafa gare ta? Ita in ta ce gwiwa, magana ce kawai. Amma masu magani in suka ce gwiwa, gwiwa suke nufi. In ba haka ba, me ya sa ba a ce samari su zo ba?"

Baba ya dawo daga gona ya gwada nasa. Ya tsuguna ya ce, "Inna, ina jin ba haka ba ne." Ta ce masa tun bai san ina gwiwarsa take ba ita take wanke masa ita. Ya tashi ya tafi alwala.

Kafin magariba ta aiki ƙannena gidan duk wata ƙawarta. Kafin gari ya waye labari ya tsallaka titi ya shiga ƙauyukan da ko shelar ba su ji ba. A can har an ƙara masa gishiri: wai Turawa ne suka zo da sababbin gwiwoyi a kwali, ana kwance tsohuwa a ɗaura sabuwa kamar tayar keke.

Da safe na wanke baron da muke fito da kwandunan tumatir, na shimfiɗa buhu, na sa matashi, Baba ya ɗora mini ita. Muka bi gefen kanal, tana riƙe da sandarta a tsaye kamar mai tuƙa kwalekwale. Masu ɗibar tumatir suka ɗago suna ihu.

"Kai, ina za ka kai amarya?"

"Gareji! Za a canja mata taya!"

Sanda ta sauka a hannuna. Baron ya karkata wajen ruwa, ta yi salati, na daidaita shi, ta ce in na jefa ta a kanal sai ta fito ta kai ni ƙara wurin alƙali, ta ce auren dama ba da sonta aka yi ba.

A harabar firamare, ƙarƙashin darbejiya, an jera tebur da kujeru. Baƙin su uku ne. Akwai Farfesa, dogo siriri mai furfura, tabarau na lilo a wuyansa, yana tafiya yana kallon ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Daga baya na gane ciyayi yake kallo. Akwai mutumin kamfani, ya sa kwat a wannan zafi, yana ta ɗaga wayar salula sama yana neman sabis. Lokacin wayar ba ta daɗe da shigowa ba, kuma a garinmu sabis a wuri ɗaya yake, saman kwalbati, sai ka tsaya da ƙafa ɗaya. Sai kuma wata matashiya mai farin gilashi, ɗalibar Farfesa ce da ke karatun haɗa magunguna mai zurfi. Malama muka riƙa ce mata.

Su tsofaffi talatin suka sa rai, ina ji. Abin da suka tarar ya fi kasuwar Bunkure cika. Mai gari bai gama gabatar da su ba wani tsoho ya matso, ya naɗe wandonsa, ya ɗora ƙafa a kan tebur gaban Farfesa.

"Da wannan za a fara, ita ta fi tsanani."

Shi ke nan, kamar an ba da umarni. Maza suka hau naɗe wanduna. Ban taɓa ganin gwiwoyi da yawa haka a wuri ɗaya ba: masu kama da kabewa, masu kama da ƙwallon goruba, masu furfura, wata ma na rantse ta harare ni. Farfesa ya sa tabarau, ya cire, ya sake sawa. Mutumin kamfani ya sauke wayarsa a hankali. Malama ce ta fara ganewa. Na ga ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa, sannan ta daure ta miƙe.

Ta ce, "Iyayena, ku yi mana afuwa, laifin bakinmu ne. Ba gwiwa muka zo haɗawa ba. Mu a jami'a mun iya tatso abin da ke cikin ganye ko saiwa, mu bincika ko yana magani da gaske. Amma ba mu da injinan da za su mai da shi ƙwaya, ba mu da ƙarfin kai shi kanti. Su kamfani suna da inji da ƙarfi, amma ba su da masu bin jeji suna shinshina ganye. Shi ne muka haɗu, kowa ya kawo abin da yake da shi. Abin da ya kawo mu wurinku, ku nuna mana itatuwan da kuke amfani da su, na zazzaɓi, na kumburi, na tsargiya, mu je mu duba."

Tsohon nan mai ƙafa a tebur ya ce, "Wato ku ne kuka zo neman magani a wurinmu?"

"Haka ne, baba."

Ya sauke ƙafarsa, ya warware wandonsa a nitse, ya ce, "Duniya ta zo ƙarshe." Ya tafi, rabin taron ya bi shi, ana ta tsine wa lasifikar mai shela.

Na duƙa na ce, "Amarya, in juya mota?"

Na leƙa fuskarta, sai dariyar da na taho da ita tun daga gida ta maƙale. Ta ƙura wa tebur ido, leɓenta na motsi. Ashe sabon zaninta ta ɗauro, na Salla, ban ma lura ba sai lokacin. Can ta ce, "Tura ni gaba."

Na tura ta har gaban Malama.

"'Yar nan, kin ce har na kumburi?"

"Har shi, Kaka."

Sai ta ba ta labarin wani ɗan ganye da ke fitowa a bakin kanal. Ta ce da babu shi a ƙasar nan, ruwa ne ya zo da shi, shi ya sa take ce masa ɗan-baƙo. Tana daka shi da man kaɗe ta shafa. Ta ce, "Yana sassauta mini, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma ƙarfinsa bai kai ya durƙusar da ni ba. Ku da kuke da inji, ku ƙara masa ƙarfi."

Farfesa ya zagayo ya tsuguna don ya ji da kyau. Yana tsugunawa gwiwarsa ta ce ƙaras.

Kakata ta dube shi da tausayi. "Allah sarki. Ashe kai ma namu ne."

Mutumin kamfani ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce da Hausarsa ta birni, "Mama, in abin nan ya yi aiki, hotonki za mu sa a kwalin."

Ta ce, "Ka sa na uwarka, ɗan nan, ta fi ni buƙatar a gan ta. Ni sujada nake so."

Ranar ni na kai su bakin kanal na nuna musu ɗan-baƙo. Farfesa ya tsuguna a kansa kamar ya ga ɗan'uwansa da ya ɓata. Suka danne wani a tsakanin jaridu, suka cika buhu da saura. Kafin su tafi kakata ta tambayi Malama yaushe maganin zai fito. Malama ta ce, "Zai ɗauki lokaci, Kaka." A garinmu in an ce abu zai ɗauki lokaci, ana nufin sai bayan kasuwa mai zuwa. Kakata, saboda karamci, ta ba su har ƙarshen tumatir.

Tumatir ya ƙare. Aka yi dashe, damina ta sauka, shinkafa ta yi ciki, aka yanke. Malama tana zuwa jefi-jefi a motar jami'a, ta ɗebi ganyen damina, ta dawo ta ɗebi na rani, wai ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Kowane zuwa sai ta shigo ta gaida kakata, kowane zuwa amsar ɗaya ce: ana kan aiki. Kakata kuwa ta naɗa kanta a muƙami. In ƙawayenta suka zo sai ta ce, "Mu uku ne a aikin: jami'a, kamfani, da ni." Ni aka naɗa mai gadi. Duk yaron da ya zo yankan ciyawa bakin kanal sai na kore shi da sunan hukuma. Akuyar maƙwabta ta ci ɗan-baƙo sau ɗaya, kakata ta sa na bi ta wuni guda in ga ko tafiyarta ta canja.

Da rani ya sake zagayowa haƙurinta ya ƙare. Ta gaya wa Malama ba za a ƙara tsinkar ko ganye ɗaya ba sai ta je ta ga abin da ake yi da na baya. Na ɗauka Malama za ta lallashe ta. Sai ta ce, "Kin yi gaskiya. Dama ina so likitan ƙashi ya duba ki." Aka aiko mota ta ɗauke mu, ni da ita da Baba, zuwa Kano.

Ɗakin binciken yana wari kamar an dafa asibiti. Kwalabe ko'ina, masu dogon wuya, masu tumbi, wani ruwa kore yana tafasa a cikin gilashi ba wuta ba hayaƙi. Aka zaunar da kakata a kujera mai taya, na tura ta, na ce wannan ta fi baronmu birki. Malama ta ɗauko wata 'yar kwalba da ba ta kai babban yatsana ba, da wani baƙin abu kamar ƙaro a gindinta.

"Ga ɗan-baƙonki, Kaka."

"Buhunan nan duka?"

"Duka."

"Ku dai faɗi gaskiya, miya kuka yi da sauran."

Sai aka kai mu wurin ɓeraye. Farare tas, masu jan ido, kowanne a ɗakinsa da ruwansa da abincinsa, sun fi ɗaliban makarantar kwana jin daɗi. Malama ta ce su ake fara ba wa. Akan sa ƙafar ɓera ta kumbura, a ba shi maganin, a auna ko ta saɓe.

Kakata ta dafe ƙirji. "Ɓera? Ni na kawo ganye, ni ke da ciwo, ɓera ne zai riga ni sha? A gidana ɓera ko tsaba ya taɓa sai ya ga turmi!"

"Don kada ya cuce ki ne, Kaka. In da illa, gara ta fito a jikinsu."

Kakata ta sa na matsa da ita. Wani ɓera yana ɗingishi a kusurwa da 'yar ƙafarsa ja a kumbure. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce a hankali, "Sannu, bawan Allah. Da sanyin safe ya fi tsanani, ko?"

Muna nan mutumin kamfani ya shigo da takardu, sakamakon abin da injinansu suka auna. Ya gaida kakata da fara'a, ya ce, "Mama mai sujada!" Sannan suka koma gefe da Farfesa suka shiga Turanci. Da farko a hankali, daga baya Farfesa ya fara buga tabarau a tafin hannu, na kamfani kuma yana nuna agogonsa. Turancina lokacin bai wuce na cin jarrabawa da kyar ba, amma na tsinci kalmar lokaci, na tsinci kasuwa, na kuma tsinci wata da muka yi a darasin kimiyya, wadda ke nufin hanta.

Kakata ta ja rigata. "Maigida, me suke cewa?"

"Farfesa ya ce a bi a hankali. Na kamfani ya ce manyansa ba su san wani mutum mai suna Hankali ba."

"Faɗa suke?"

"Irin namu ne, ni da ke. Ba saki."

Ban gaya mata maganar hanta ba, don ni ma ban san inda ta dosa ba.

Daga nan aka wuce da ita asibiti aka ɗauki hoton ƙashi. Likitan ya ɗaga hoton a fitila ya nuna wa Baba. Ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ya cinye, ƙashi ne ke gugar ƙashi. Ya rubuta ƙwayoyin rage zafi, ya koya mata motsa ƙafa a zaune, ya ce a riƙa gasa mata da ruwan ɗumi. Kakata ta karɓi hoton ta juya shi sama da ƙasa, ta ce, "Ashe ta ciki ma ban yi kyau ba." A mota kuwa ta ce likitan yaro ne, bai san da ɗan-baƙo ba.

Bayan wannan aka daɗe ba a ga motar jami'a ba. Ranar da Malama ta dawo, a kan acaɓa ta zo daga Kura, ba buhu a hannunta. Tun daga nan na san da magana. Ta shigo bayan azahar, ta ƙi hawa kujera, ta zauna a tabarma kusa da ƙafafun kakata. Umma ta kawo ruwa. Ni na maƙale a bakin ƙofa ina gyaran wata tayar keke da ba abin da ya same ta.

Suka gaisa, suka ƙara gaisawa. Sannan Malama ta ce, "Kaka, na zo ne in gaya miki da bakina, don kada ki yi ta jira."

"Ina jin ki, 'yar nan."

"Ganyenki yana aiki. Ba ki yi ƙarya ba, yana rage kumburi. Amma in aka ƙara masa ƙarfi yadda zai yi aiki sosai, yana taɓa hanta. Mun gwada ta nan, mun gwada ta can. Su kamfani sun ce ba za su iya ci gaba da shi ba, sun koma kan wata saiwa ta zazzaɓi da aka samo a wani gari. Ban ga laifinsu ba, a irin wannan aiki ganye da yawa ake ɗauka, kaɗan ne ke kaiwa ƙarshe. Farfesa bai haƙura ba, ya ba wani ɗalibi ya duba ko zai yi man shafawa. Shafawar da kike yi ki ci gaba, amma don Allah kada ki taɓa jiƙa shi ki sha."

Kakata ta ce, "To in man shafawar ya fito?"

Malama ta sunkuyar da kai. Na ga tana murza bakin mayafinta. Da ni ne, wallahi da na ce in sha Allahu, na tashi na gudu. Ita kuwa ta ɗago ta ce, "Ko ya fito, shekaru ne masu yawa nan gaba. Kuma ba zai mayar da abin da ya cinye ba. Da na gaya miki haka tun ranar farko. Na ga yadda kika sa rai ne, bakina ya yi nauyi."

Kakata ta shafa gwiwarta ta dama, ta shafa ta hagu, kamar mai lallashin tagwaye.

Can ta ce, "Ɓerayen fa?"

"Wasu sun mutu, Kaka."

"Har mai ɗingishin nan?"

"Ban sani ba ko har da shi."

"Allah sarki. A madadina suka tafi." Ta goge ido da bayan hannu. "Ke kuma daina sunkuyar da kai kamar kin saci kaza. Kin zo tun daga birni a kan babur don ki gaya wa tsohuwa gaskiya. Wasu da aike za su yi. Ki gaida mini mai gwiwar nan, ki ce ya riƙa gasawa da ruwan ɗumi. Mai kwat ma ki gaishe shi."

Malama ta yi dariya da hawaye a ido. Ta tambaya ko ɗalibin zai iya zuwa ɗibar ganye. Kakata ta ce kanal ba na ubanta ba ne, ya zo ya ɗiba, amma ya shigo ya gaishe ta tukuna.

Bayan ta tafi aka kira la'asar. Kakata ta haɗiyi ƙwayar likita, ta sa Umma ta gasa mata ƙafafu, ta shafa ɗan-baƙo har gwiwoyin suna ƙyalli. Ta yi alwala, ta yi sallarta a zaune kamar kullum. Da ta sallame sai ta ce, "Maigida, zo nan. Ke ma zo."

Muka zo ni da Umma.

"Ku janye tabarmar nan. Ku kama ni ta hammata, ku sauke ni."

Umma ta ce, "Inna, za ki ji ciwo."

"Yo da daɗi nake ji? Na gama jiran inji. Ku sauke ni, na ce."

Muka kama ta. Kakata ba ta da jiki, amma ranar na rantse ta fi buhun shinkafa nauyi, don duk ta saki kanta a hannunmu. Muka yi ƙasa da ita kaɗan-kaɗan. Gwiwoyin suka yi wata ƙara da ban taɓa ji ba, ba irin wadda nake yi wa dariya ba. Gumi ya karyo mata, ta cije leɓe, ta ce, "Ci gaba." Umma ta tura matashi ƙarƙashinsu da ƙafa. Ba su lanƙwasu duka ba, ta hagu ma a miƙe ta tsaya ta baya. Ta dafa ƙasa da tafi ɗaya, ta dafa da ɗayan. Sannan ta sauke goshinta a kan ƙasar tsakar gida.

Ina riƙe da ƙugunta don kada ta kife. Ina jin bayanta yana rawa a hannuna, ina jin tana magana ƙasa-ƙasa, ba da mu ba. Ban san tsawon lokacin da ta ɗauka ba. Hannuna ya sage, ƙafata ta yi tsami, kuma ni da malamai suka gaji da kora daga aji saboda surutu, ko tari ban yi ba.

Daga ƙarshe ta ce, da murya a shaƙe, "To. Ku ɗaga."

Muka ja, ba ta taso ba. Muka sake ja, ni na zame na zauna daɓas. Sai da ƙanwata ta ruga gona ta kira Baba, ya zo da taɓo har gwiwa ya ɗauke ta cak ya zaunar. Yana ta faɗa, wa ya ce a yi haka, in ƙashi ya karye fa. Ita kuwa tana haki, hawaye na bin kumatunta, tana dariya.

Ta nuna ni da baki ta ce wa Baba, "Ka ga mijin da aka ba ni. Saukewa ya iya, ɗagawa sai an kira wani."



Ba ta ƙara neman a sauke ta ba, kuma ba ta ƙara tambayar motar jami'a ba. Ranar dai ƙafafun sun kumbura har ba ta iya taka su, amma ko wash ɗaya ba ta ce ba. Umma ta miƙo gefen zaninta za ta share mata ƙasar da ta manne a goshi, sai ta kauce.

"Bar mini abina," ta ce.

Haka ta zauna da shi a tsakar gida, tana cin goro, tana amsa gaisuwar masu shigowa, har aka kira magariba.